BUGUN KAI, FARFAƊIYA DA RAUNIN GANI BAYAN HATSARI

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kwamitin jin daɗin jama'a ya gabatar a taron ƙungiya da aka yi a Nok)



Kwamiti ne ya ɗora mini wannan magana, kuma kowa ya san ni ba likita ba ne. Sana'ata saye da sayar da citta, karatuna kuwa na Islamiyya. Dalilin da ya sa aka zaɓe ni shi ne na shekara biyu ina kai yaron shagona asibiti tsakanin Kafanchan da Jos bayan ya faɗi da babur, kuma Allah Ya yi ni mai yawan tambaya. Duk abin da likita ya faɗa sai na ce ya sake faɗa da Hausa, in rubuta a bayan littafin lissafi. Adadin da za ku ji kuwa wata 'yarmu ma'aikaciyar jinya ce ta karanta mini su daga takardun aikinsu. A yanzu haka akwai gidaje uku cikinmu da ke fama da abin da zan yi magana a kai. Ba zan kama suna ba, sun san kansu, kuma da yardarsu nake magana.

Abin mamaki, garin nan da kai aka san shi a duniya. Tun 1928 da masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a nan, har Bature Bernard Fagg ya sa wa abin sunan Nok, ana lallaɓa waɗannan kawuna kamar ƙwai, ana ajiye su cikin gilashi a Jos da ƙasashen Turai. Kan yumɓu ke nan. Amma kan ɗan Adam, wanda hankali da gani da magana duk suna cikinsa, shi muke ɗorawa a babur tsirara, da buhun citta biyu a baya, a bi hanyar Kwoi da magariba ana gudu kar kasuwa ta tashi.

Babur shi ne babba, amma ba shi kaɗai ba. Akwai yaron lodi da ke faɗowa daga saman mota, akwai yara masu hawan mangwaro, akwai wanda ramin haƙa ya rufta da shi, akwai magini da ya zamo daga rufi. Sannan akwai abin da ba mu son tunawa amma dole a faɗa: rikicin Kafanchan na 1987, na Zangon Kataf na 1992, da na bayan zaɓen 2011 sun bar mutane da sara da bugun gora a ka, a cikinmu da cikin maƙwabtanmu baki ɗaya. Allah Ya kiyaye na gaba. Na ambace su ne saboda wanda aka sara a ka tun wancan lokaci, in yau ya soma faɗuwa, kada iyalinsa su ce ai wancan ya daɗe da warkewa. Zan zo kan dalili.

Bari in fara da ranar hatsarin kanta, don a nan muke yin asarar da ba ta da gyara. Mutum ya faɗi, ya suma minti biyu ko uku, ya farfaɗo ya karkaɗe rigarsa, har ya yi wa jama'a dariya ya ce ba komai. Sai a kai shi kemis a wanke ciwo, in akwai karaya a wuce wurin mai ɗori, kowa ya watse. To jama'a, ƙoƙon kai ba ya buɗewa. In wata jijiyar jini ta tsinke a ciki, jinin ba shi da mafita, taruwa yake yi a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Shi ya sa za ka ga wanda ya ci tuwo da hannunsa bayan isha'i, da asuba a tashe shi salla ya ƙi tashi. Ga tsofaffi ma abin ya fi ɓoyewa, domin ƙaramin bugu, ko na dokin ƙofa ne, yakan sa jini ya riƙa tsattsafowa har mako uku ko wata biyu, sai a ga tsoho ya soma ruɗewa yana jan ƙafa, a ce tsufa ne ya zo.

Saboda haka duk wanda ya bugu a ka, a sa masa ido kwana biyu, kuma daren farko kada ya kwana shi kaɗai. In yana amai yana sakewa, ko ciwon kai yana ƙaruwa, ko barci ya rinjaye shi ana tashinsa da ƙyar, ko magana ta karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta mutu, ko wani ruwa garau ko jini yana fita ta hanci ko kunne, ko baƙin tsakiyar ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ya yi jijjiga, to ba a jiran wayewar gari. Babban asibitin Kafanchan za a nufa, in sun ce a wuce asibitin koyarwa na Jos ko na Shika ko Abuja don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, wanda suke kira siti-sikan, a wuce. Hoton ƙashi na yau da kullum ba ya nuna jinin da ya taru a ciki. Kuma wajen ɗaukarsa daga bakin hanya a tallabe wuya daidai da jiki, kada a naɗe shi a babur a tsakanin mutum biyu kansa yana reto. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa ko madara. Kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini.

Yanzu ga maganar farfaɗiya. Yadda likita ya kwatanta mini, ƙwaƙwalwa da wani irin lantarki take aiki, saƙo yana bin jijiyoyi kamar yadda wuta ke bin waya. Inda aka bugu yakan warke ya bar tabo, kamar dai tabon fata. Wannan tabon shi ne kamar wayar da ɓera ya ci, wata rana sai ta yi tartsatsi, wutar ta watsu, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Likitoci sun raba abin biyu. Jijjigar da ta zo cikin kwana 7 na farko, ta zafin ciwon ce, sau da yawa takan wuce. Wadda ta zo bayan kwana 7, ita ce ta tabo, kuma wanda ta zo masa sau ɗaya, galibi takan dawo. Mafi yawan waɗanda za ta kama, cikin shekara biyu na farko take bayyana, amma akwai wanda sai bayan shekara goma ko ashirin. Yaron shagona wata takwas ya yi lafiya lau, yana auna citta, yana zuwa ƙwallo, sannan ya faɗi a gaban sikeli.

Ba kowa take kamawa ba, kada hankali ya tashi. Akwai binciken da aka buga a Amurka a 1998, an bi mutum 4,541 da suka taɓa buguwa a ka a wani yanki na jihar Minesota. Waɗanda bugunsu ƙarami ne, wato suman bai kai rabin awa ba, kimanin 2 cikin 100 ne suka yi jijjiga cikin shekara 30. Waɗanda bugunsu mai tsanani ne, suka wuce yini da kwana ba su san inda suke ba, ko jini ya taru musu, ko ƙwaƙwalwar ta ƙuje, kusan 17 cikin 100. In kuwa wani abu ya huda ƙoƙon kai ya shiga, abin ya fi haka nesa. Sojojin Amurka da harsashi ko ɓarɓashin bam ya huda wa kai a yaƙin Biyetnam, wajen rabinsu sun kamu. Ku auna wannan da saran adda.

Kuma ba kullum take zuwa da faɗuwa da kumfa ba. Wani hannu ɗaya ne zai riƙa karkarwa. Wani zai ƙura ido yana tauna baki yana murza riga, ka kira shi bai ji ba, bayan minti ɗaya ya dawo bai san an yi ba. Wani zai ji warin abin da babu, ko ya ga wasu fitilu masu launi suna yawo a gefe guda. Irin wannan ne muke saurin cewa iska ta taɓa shi, ko an yi masa sammu saboda kasuwarsa ta buɗe.

A nan zan yi magana gaban malamaina, in da gyara su gyara. Ni ban hana kowa ruƙiyya ba, addu'a makamin mumini ce. Amma Ibnul Ƙayyim, a cikin Zadul Ma'ad, da kansa ya kasa farfaɗiya kashi biyu, ya ce akwai wadda ke tasowa daga lalurar jiki, kuma ita ce likitoci ke magana a kan dalilinta da maganinta. To mutumin da muka gani da idonmu kansa ya daki kwalta, ga tabon ɗinki, ga hoto ya nuna wurin, wane kashi za mu sa shi? A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti, ɗaya ba ta kore ɗaya. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ce sai ya ajiye ƙwayar asibiti kafin magani ya ci, ko a kulle shi a ɗaki ana turnuƙa masa hayaƙi, ko a yi masa bulala wai ana dukan aljani. Bayan yaron ne ke fashewa. Sannan mu tuna da baiwar Allah nan baƙar fata da ta zo wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, tana fama da faɗuwa, wadda Ibn Abbas ya nuna wa Aɗa'u a matsayin 'yar Aljanna. Ba a gudu daga gare ta ba, ba a ware mata ƙwarya ba. Abin da ya dame ta shi ne tsiraicinta da ke buɗewa, aka yi mata addu'a a kan haka. Mu kuwa yau mutum ya faɗi a kasuwa sai a yi da'ira ana kallo, wasu har da ɗaukar hoto a waya.

Farfaɗiya ba a ɗaukarta. Ba ta bin yawu, ba ta bin kumfa, ba ta bin numfashi ko kwanon abinci. Wadda bugun kai ya jawo kuma ba gadonta ake yi ba, don haka masu fasa aure saboda ita su sake tunani, illa dai a faɗa wa juna gaskiya kafin a ɗaura.

In ya faɗi a gabanka, aikinka kaɗan ne. Janye wuta, ruwan zafi, ƙarfe da duk abin da zai ji masa ciwo. Naɗe hula ko ɗankwali ka sa masa a ƙarƙashin kai, ka sassauta wuyan riga, ka rufe masa jiki, ka duba agogo. Kada ka danne shi, ƙarfin da za ka sa yana iya gocar masa da kafaɗa. Iyayenmu mata, don Allah a bar cusa cokali a baki. Mutum ba ya haɗiye harshensa, cokalin dai haƙora yake karyawa. A bar kwara ruwa, a bar ɗura manja ko jiƙo, domin huhu suke tafiya. A bar kanga ƙafa a wuta, a bar matsa albasa a ido. Da jijjigar ta lafa, a juya shi ya kwanta a gefe don yawu ya zubo, a zauna da shi har hankalinsa ya dawo. Yawanci minti ɗaya zuwa uku ne. In ta wuce minti 5, ko ta sake tashi bai farfaɗo ba, ko ita ce ta farko, ko mace ce mai ciki, ko a ruwa ya faɗa, sai asibiti nan take.

Magani akwai, kuma wasu daga ciki ba su da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen miliyan 50 ne ke da farfaɗiya a duniya, kuma har 70 cikin 100 za su iya daina faɗuwa in sun sami magani daidai. Akwai fenobabiton, akwai kabamazafin da aka fi sani da Tegretol, akwai fenitoyin, akwai falfuret, akwai sababbi. Likita ne zai zaɓa, kada wani ya ari na maƙwabcinsa. Falfuret musamman yana cutar da ɗan da ke ciki, don haka macen da ke shan magani ta gaya wa likita tun kafin ta ɗauki ciki. In ƙuraje suka feso a jiki ko baki bayan an fara sabon magani, a koma a ranar. Inda muke faɗuwa shi ne nan: an sha wata uku, an ga shiru, sai a ce an warke, ko kuɗi ya yanke a tsakiyar damina a ce sai an haƙi citta. Yanke maganin nan farat ɗaya yakan tayar da jijjigar da ba ta tsayawa, wadda take kisa. Likitoci ba su ma fara zancen ragewa sai mutum ya yi kamar shekara biyu bai faɗi ba, sannan a hankali. Da azumi a nemi likita ya daidaita lokacin sha tsakanin sahur da buɗa-baki, in ya ce ba zai yiwu ba, marar lafiya yana da rangwame, malamai suna nan. Rashin barci yana tayar da ita. Matasa kuma ku ji da kyau, tiramol da kuke sha don ƙarfin aiki yana sa mai lafiyayyen kai ma jijjiga, balle mai tabo. Wanda bai daina faɗuwa ba, ba shi ba tuƙi, ba shi ba bakin rijiya ko rafi shi kaɗai, ko hawan bishiya, ko injin niƙa. Mace kuma kada a bar ta ita kaɗai a gaban murhu.

Sai ido. Da yawanmu mun ɗauka gani a ido yake ƙarewa. Ashe ido taga ce kawai, akwai jijiya da ke ɗaukar hoton daga bayan kowane ido ta kai shi can ƙeya, a nan ake gani. Shi ya sa mutum zai makance alhali idonsa garau, abin da kakanninmu ke kira garara. Bugu a goshi ko kan gira yakan girgiza jijiyar nan a inda ta ratsa ƙashi, ido ɗaya ya dushe ko ya mutu. Bugu a ƙeya kuwa yakan ɗauke rabin gani a duka idanu biyu, kuma a saɓe: in ɓangaren dama ya bugu, hagu ce ke ɓacewa. Irin wannan mutum zai riƙa karo da ƙofa, ya ci rabin tuwo ya bar rabi, ya tsallaka titi bai ga motar da ke tahowa ta gefe ba, shi kansa bai san ya rasa komai ba. Yaron shagona haka ya zama, sai da na lura kullum buhunan hagu yake tsallakewa a ƙirga.

Gwajin ba wuya, kowa zai iya a gida. A rufe ido ɗaya da tafin hannu a dubi abu, a sake da ɗayan. A nuna masa jan abu, ko dara ce, a tambaye shi ko jan ya yi fari-fari a ido ɗaya. A sa ya kalli hancinka, ka motsa yatsa ta dama da ta hagu ka ji ko yana gani.

Gaskiyar da ba ta da daɗi ita ce jijiyar ido in ta mutu ba ta tohuwa, ko da yake wasu sukan sami ɗan sauƙi a makonnin farko. Duk wanda ya ce kawo kuɗi zai dawo da ita da tozali, cin kuɗinka zai yi. Amma akwai da yawa da ake gyarawa, shi ya sa ba a zama a gida a yanke hukunci. Ganin abu bibbiyu, wanda ke zuwa in jijiyar da ke juya ido ta bugu, sau da yawa yakan gyaru cikin wata uku zuwa shida, in bai gyaru ba akwai tabarau na musamman ko aiki. Wani lokaci ma maganin farfaɗiyar ne ya yi yawa yake kawo shi, sai likita ya rage. Yanar da bugu ya jawo ana cire ta a asibiti, kada a kai wa masu kwantar da yana da tsinke. Hawan jinin ido yakan biyo bayan bugun ido ko da shekaru, don haka a riƙa aunawa. Wanda kuma ya soma ganin walƙiya, da baƙaƙen abubuwa kamar ƙudaje, da wani labule yana saukowa, fatar cikin idon ce ke ɓamɓarewa, kwanaki kaɗan gare shi kafin a makara. Cibiyar Ido ta Ƙasa tana Kaduna, asibitin ido na ECWA yana Kano, asibitin koyarwa na Jos ma yana da sashen ido. Don farfaɗiyar kuwa akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can ba ya nufin mutum mahaukaci ne. A bar ɗiga nonon mace, ruwan sukari ko maganin ɗigawa na kemis da ba likita ya rubuta ba.

Wanda ganinsa ya tafi, kada mu miƙa masa sanda da ɗan jagora mu tura shi tasha. Makarantar makafi ta Gindiri tana koyar da yara tun 1953, kuma tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta hana nuna wa naƙasassu bambanci. Babba kuwa yana iya zama a shago. Yaron da nake ba ku labari yana nan wurina, na mai da sikeli da aljihun kuɗi hannunsa na dama, ya bar babur, yau wata goma sha huɗu bai faɗi ba.

Hular kwano, na san za a yi dariya. Mun tuna Janairun 2009 da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta ta, 'yan acaɓa suka riƙa kifa ƙwarya da tukunya a ka, fasinjoji kuma suna cewa ana sa asiri a ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kirki da aka ɗaure igiyarta tana rage raunin ƙwaƙwalwa har da kashi 74 cikin 100. Mu 'yan kasuwa ne, a yi lissafi: kuɗin hula ɗaya, da kuɗin hoton kai ɗaya haɗe da motar Jos da maganin shekara biyu. Masu citta sun san yadda annobar 2023 ta bar aljihunmu, ba mu da rarar da za mu kai asibiti.

Ga abin da kwamiti ke roƙon wannan zama ya amince da shi yau. A ware wani kaso daga kuɗin wata-wata a asusu na daban, wanda ba za a taɓa shi don biki ko suna ba, sai don motar dare da hoton kai, a bayar a matsayin rance ba tare da jiran taro ba. Masu mota biyu su ba da sunansu ga Sakatare a matsayin waɗanda za a buga wa ƙofa ko ƙarfe nawa ne, ɗan ƙungiya ne ya faɗi ko maƙwabcinmu Ham. Duk mai ba yaro babur haya ya haɗa masa da hula biyu, ƙungiya ta sayo su a sari. Sannan masu zuwa Kaduna da Jos sayen kaya su riƙa karɓar takardar likita daga gidajen nan uku suna sayo musu magani a babban kantin magani mai rajista, tun saura na mako biyu a hannu. Ni na ɗauki na Jos, ana neman wanda zai ɗauki na Kaduna.

Shugaba, na mayar da magana gare ka don a ji ra'ayin jama'a a kan kason da za a ware.